Ɗana Ya Kamu Da Son Damben Keji

Tambaya: Ɗana mai shekara 16 kullum yana kan waya yana kallon damben UFC, har ya ce shi ma zai shiga. In hana shi? Daga wani uba a Daura.

Amsa: Malam, kwantar da hankalinka. Wasan ya haɗa naushi, shuri da kokawa. An fara gasar UFC a Amurka a 1993, inda Royce Gracie, wani siririn ɗan Brazil, ya kayar da ƙarti da dabarar kokawa. Yau akwai rukunin nauyi da likita a bakin keji. Samarinmu sun ƙara rungumar wasan a 2019, da Kamaru Usman haifaffen Auchi da Israel Adesanya haifaffen Legas suka ɗauki kambu.

Mu kam da muka taso muna jin waƙar ɗan dambe Shago ta Ɗan Anace, ai abin ba baƙo ba ne.

Kada ka hana shi da tsawa, zai koma yi a ɓoye. Ku kalli wasa ɗaya tare. In ya nace, ya fara da kokawa wajen ƙwararren mai horarwa, ka je da kanka ka duba wurin, kuma ka gindaya masa sharaɗin karatu. Banda gwada shaƙe abokai a lungu. In ya sha bugu a ka ya rikice ko ya yi amai, a kai shi asibiti ranar.