Toshe Hujin Tsatsa a Jikin Mota Ba Tare da Walda Ba

Motar gunduma dukiyar jama'a ce. Ita ke kai hakimi rangadi, ita kuma a kan nema da tsakar dare in haihuwa ta zo wa mace da gardama. Babban abin da ke cin jikinta a ɓoye shi ne tsatsa, ga shi kuwa ba kowane gari ke da mai walda ba. An shirya wannan darasi domin hakimai da malamansu su san hujin da za a iya toshewa a gida, da wanda tilas sai an kai wa mai walda.

Yadda tsatsa ke farawa

Tsatsa ta kan kama ƙarfe in ruwa da iska suka haɗu a kansa. Fenti shi ne katangar ƙarfe, sai bango ya tsage kuwa ƙadangare ke samun wurin shiga. Taɓon damina da ya maƙale a saman tayoyi ya kan riƙe laima kwana da kwanaki. Gishiri da takin zamani da ruwan batir, in sun zube a daɓen mota, su kan hanzarta ɓarna ƙwarai. A gindin kowace ƙofa akwai 'yan kafofi na fitar ruwa. In ƙasa ta toshe su, ruwa ya kan kwanta ya ci ƙofar daga ciki. Saboda haka in an ga fenti ya yi bororo, galibi ɓarnar da ke ƙarƙashi ta fi wadda ido ya gani.

Inda faci bai halatta ba

Kafin a taɓa kome, sai a duba ko wurin yana ɗaukar nauyi. Fatar ƙofa, da murfin inji, da kwanon da ke saman taya, da ɗan huji a tsakiyar daɓe, duk faci ya ishe su. Amma shasi, watau ƙashin da mota ke zaune a kai, da mazaunin sifirin, da ginshiƙan ƙofa, da inda aka ɗaure kujera ko bel ɗinta, waɗannan sai walda ko sabon ƙarfe. Yawancin ƙananan motoci ba su da shasi dabam, jikin ne da kansa ke ɗauke da su, don haka dogon ƙarfen da ke ƙarƙashin ƙofofinsu yana cikin wannan lissafi. Faci a irin wuraren nan ya kan ɓoye rauni ne kawai, ran da mota ta faɗa rami da mutane a ciki sai ya buɗe. Tankin mai kuwa ba a huda shi, ba a kai wuta kusa da shi.

Hujin daɓe ba abin rainawa ba ne. Ta nan hayaƙin salansa ke shiga, a cikinsa kuwa akwai iska mai guba wadda ba ta da launi, ba ta da wari, ta kan sa direba gyangyaɗi, ta kan kuma yi kisa.

Facin kwano da rifit

Da farko a cire kan batir, a leƙa bayan wurin kada a huda waya ko bututun mai. A kankare fenti da burushin waya da samfefa, sa'an nan a yanke ruɓaɓɓen ƙarfe da almakashin kwano har a kai ga mai ƙyalli. Wannan shi ne tushen aikin duka, gama tsatsar da aka rufe ba ta daina ci. A shafa maganin tsatsa, irin wanda ke mai da ragowarta baƙa, a bari ya bushe, a bi da jan fentin fari ciki da waje.

Bayan haka a yanko sabon kwano mai kaurin kamar milimita 1, ya zarce hujin da inci 1 ta kowane gefe, a lanƙwasa shi daidai da jikin motar. A shafa gam mai hana ruwa a tsakaninsu, a huda ramuka na milimita 3, inci 1 zuwa 2 tsakanin kowane biyu, a ɗaure da rifit. Akwai rifit da a ke ja da ɗan maƙatansa daga gefe ɗaya, shi ya fi sauƙi inda hannu ba ya kai wa baya.

A lura, ƙarfe da alminiyam ba su zama lafiya in akwai laima, alminiyam ɗin ya kan zagwanye. Tsohuwar Land Rover, wadda aka fara ƙerawa a Ingila a 1948, fatar jikinta alminiyam ce, sai a yi mata faci da irinta.

Facin faiba

Hujin da bai kai tafin hannu ba ana iya rufe shi da ƙyallen zaren gilashi, wanda masu gyara ke kira faiba. A kan jiƙa shi da ruwan ƙaronsa, bayan an ɗiga maganin daskarewa kamar kashi 2 cikin 100, a shimfiɗa falle 2 ko 3 ta bayan hujin. Da zafin rana ya kan sandare cikin 'yan mintoci, saboda haka a dama kaɗan kaɗan, da safe, a inuwa, nesa da wuta. Mai aikin ya sa safar hannu, ya rufe hanci lokacin guga.

Ko wane irin faci aka yi, a kan daidaita fuskarsa da ƙullun ciko da a ke kira fila, wanda ya maye gurbin dalma tun daga shekarun 1950. Kada kaurinsa ya wuce milimita 6. Fila yana shan ruwa, don haka ba a cika huji da shi kaɗai. In ya bushe a goge, a yi fenti, a shafe bayan wurin da fenti mai kwalta. Rani ya fi dacewa da aikin, amma a kauce wa ranar da hunturu ya ta da ƙura.

Aikin malamin hakimi

Ya kamata malami ya rubuta a littafin mota ranar gyara, da wurin hujin, da girmansa, da kuɗin da aka kashe. Kada a biya sai an ga ƙarfen da aka yanke. Akwai masu cusa takarda a huji su lulluɓe da fila. Maganaɗisu ya kan tona asirinsu a jikin ƙarfe, domin ba ya kama wurin da ciko ya yi yawa.

Da ɗaukewar damina a wanke ƙarƙashin mota, a buɗe kafofin ƙofa, a sake duba kowane faci. In an ga fenti ya kumbura a gefensa, ko jan ruwa yana tsattsafowa, to, tsatsa ta dawo, sai hakimi ya sa a kai motar wurin mai walda ba da jinkiri ba.