Rauni Da Labarinsa: Darasi Domin Masu Koyon Jinya

Samari da 'yan mata da yawa daga ekklesiyoyin ƙasar Zuru suna koyon aikin jinya. In sun gama, waɗansu za su tsaya a babban asibitin Zuru, waɗansu kuwa a Ribah, ko Mahuta, ko Dirin Daji, inda likita ba ya kusa. Darasin nan naku ne, da na malamanku. Ana koya muku yin allura da ɗaurin miki. Amma akwai ciwon da ba sauro ya kawo shi ba, hannun babba ne ya kawo shi.

Likitoci ma sun daɗe ba su yarda da wannan ba. A 1946 wani likita a Amurka, John Caffey, ya lura da jarirai masu jini a cikin kai da karaya a hannu ko ƙafa, ba kuwa labarin faɗuwa. Sai a 1962 Likita Henry Kempe da abokan aikinsa suka rubuta a fili cewa duka ne, sau da yawa kuwa daga iyaye ko masu riƙo.

Ga abin da za ku riƙe: ku gwada rauni da labarin da aka ba ku. Yaro mai guje-guje yakan ƙuje gwiwa, da ƙwauri, da goshi, wannan ba kome. Amma ina ya sami rauni a kunne, ko wuya, ko gadon baya? Jaririn da bai fara rarrafe ba kuwa, ba ya ji wa kansa ciwo, gama ba inda yake zuwa. Igiya da wayar lantarki sukan bar shaida mai lanƙwasa. Kunu mai zafi in ya zube, ƙunar takan yi ɗigo-ɗigo barkatai. In kuwa ta tsaya daidai a wuyan hannu kamar an ja layi, tsoma hannun aka yi. Ku lura kuma ko an yi kwanaki kafin a kawo yaron, ko labarin safe ya bambanta da na yamma.

Amma kada ku yi gaggawar zargi. Yaro mai sikila hannuwansa da ƙafafunsa sukan kumbura ba wanda ya taɓa shi. Sakiya da ƙaho su ma sukan bar tabo, ko da yake ba da mugunta aka yi su ba.

Sakaci ya fi duka wuyar ganewa, gama yana kama da talauci. Mutane da yawa sun bar gonakinsu a Danko-Wasagu da Sakaba saboda 'yan bindiga. Uwar da ta rame tare da ɗanta, abinci take bukata, ba faɗa ba. To, amma in 'ya'yan gida sun yi ɓul-ɓul, ɗaya kaɗai ya rame, kansa duk ƙazuwa, sai ku tambaya ɗan wane ne. Sau da yawa maraya ne, ko 'yar riƙo da aka kawo daga ƙauye domin aiki. Abin kunya ne, amma irin wannan yana cikin gidajenmu ma.

Mukan ce ɗan wani ba naka ba ne, kada ka shiga sha'anin gida. Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ba ta bar mu da wannan hujja ba, aikin jinya ma haka.

Ku yi magana da yaron shi kaɗai, da harshensa, ko Hausa ko Dakaranci, kada kuwa ku sa masa magana a baki. Ku rubuta abin da ya faɗa yadda ya faɗa, da girman raunin, da wurinsa, da ranar wata. Kada ku yi cacar baki da wanda ya kawo shi. Ku gaya wa babbar nas ko likita tun ran nan, domin a sanar da ofishin jin daɗin jama'a na ƙaramar hukuma. In kuna tsoron abin da zai same shi a gida da dare, ku roƙa a ba shi gado ya kwana.