Rawar Iyali Wajen Jinyar Matasa Masu Larurar Ƙin Cin Abinci

1.0 Gabatarwa

A ƙasar Hausa ana yi wa ƙiba kallon alamar wadata da kwanciyar hankali, rama kuwa ana danganta ta da rashi ko ciwo ko ɓacin rai. Saboda haka, idan aka ce akwai yarinyar da abinci ke gabanta amma ta ƙi ci da gangan har ta kusa rasa ranta, mutane da yawa za su ɗauka cutar Turawa ce kawai. Wannan darasi zai nuna cewa larurar ba ta san iyakar ƙasa ba, kuma iyalin da a da ake zargi da haddasa ta, su ne a yau likitoci suka fi dogara da su wajen maganinta. Ɗalibin da ke karatun malanta a Gyallesu, wanda za a tura gwajin koyarwa a makarantun Tudun Wada ko Sabon Gari ko cikin birnin Zariya, yana da bukatar sanin wannan, domin sau da yawa malami kan riga iyaye lura da canjin da ya samu yaro.

2.0 Ma'anar Larurar da Ire-irenta

Larurar cin abinci ciwo ne na ƙwaƙwalwa wanda ke ɓata dangantakar mutum da abinci har jikinsa ya cutu. Ta fi kama matasa masu tashen balaga, kuma ta fi yawa ga 'yan mata, ko da yake samari ma ba su tsira ba. Nau'in da ya fi haɗari shi ne anoreksiya, wato mutum ya riƙa tauye wa kansa abinci har ya rame ƙwarai, amma bai yarda cewa yana cikin matsala ba. Akwai kuma bulimiya, wadda likitan Ingila Gerald Russell ya bayyana a 1979, inda mutum kan ci abinci mai yawa a lokaci guda, sannan ya jawo wa kansa amai ko ya sha maganin gudawa. Anoreksiya tana cikin cututtukan ƙwaƙwalwa da suka fi kisa, domin yunwa kan raunana zuciya, ta tsayar da al'adar mace, ta rage ƙarfin ƙashi a daidai shekarun da yake ginuwa.

A nan dole a yi hattara. Mafi yawan yaran da malami zai gani a rame a ajinsa, rashin abinci ne a gida ya ramar da su, ko tarin fuka, ko tsutsar ciki, ko ciwon suga. Yaron da ya zo makaranta bai karya ba don babu, abinci yake bukata, ba wani dogon bincike ba. Wanda ake magana a kansa shi ne wanda akwai, amma ya ƙi.

An daɗe da ganin larurar a Afirka ta Yamma. An buga rahoton wata mai anoreksiya daga Nijeriya a mujallar likitocin ƙwaƙwalwa ta Birtaniya a 1981, sannan a 1988 likita Famuyiwa ya ba da rahoton wasu 'yan Nijeriya biyu. Binciken da ya fi kusa da yanayin ƙasar Hausa shi ne wanda aka buga a 2004 a kan 'yan matan sakandare 668 a Ghana. An samu goma daga cikinsu waɗanda ramarsu ta samo asali daga hana kansu abinci, amma ba tsoron ƙiba suka ambata ba. Azumi da kamun kai na addini suka kafa hujja da su. Abin lura ke nan ga malami: yarinya Bahaushiya ba lalle ta ce tana gudun ƙiba ba. Tana iya cewa cikinta ne ke kumbura, ko ta ƙoshi, ko ta tsiri azumin nafila ba ƙaƙƙautawa. Haka nan, hotunan da matasa ke kallo suna da tasiri. A tsibirin Fiji, inda ake son ƙiba kamar ƙasar Hausa, talabijin ya shiga wani yanki a 1995. Zuwa 1998 kimanin kashi 11 cikin ɗari na 'yan matan da aka tambaya sun ce suna jawo amai don rage jiki, alhali a farko ba a samu ko ɗaya ba. Wayar hannu ta yau ta fi talabijin na wancan lokaci kusa da yaro.

3.0 Daga Zargin Iyaye Zuwa Dogaro da Su

William Gull, likitan da ya raɗa wa anoreksiya suna a Landan a 1873, yana ganin dangi su ne mafi munin masu jinyar irin wannan maras lafiya. Charcot na Faransa ya bi wannan ra'ayi, yakan raba yarinya da iyayenta gaba ɗaya har sai ta warke. An shafe kusan shekara ɗari a kan haka. A 1978 Salvador Minuchin na Filadelfiya a Amurka ya shigo da iyali cikin ɗakin magani, sai dai shi ma yana ganin tsarin gidan ne ke da lahani, wato iyaye sun cika shiga sha'anin 'ya'yansu, sun cika kāre su, kuma ba su iya warware saɓani.

Canjin gaske ya zo ne daga asibitin Maudsley da ke Landan, inda Christopher Dare da Ivan Eisler da abokan aikinsu suka ajiye tambayar wa ya jawo, suka koma ga tambayar wa zai iya taimakawa. A 1987 suka buga sakamakon gwajin da suka yi da majiyyata 80. Waɗanda ciwon ya kama kafin shekara 19, kuma bai kai shekara uku a jikinsu ba, sun fi samun sauƙi idan an haɗa da iyalinsu a kan idan an gan su su kaɗai. James Lock da Daniel Le Grange tare da abokan aikinsu sun rubuta tsarin a littafin jagora a 2001. A 2010 wani gwaji a jami'o'in Stanford da Chicago, da matasa 121, ya nuna cewa shekara ɗaya bayan gama magani kashi 49 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa jinyar iyali sun warke sarai, a kan kashi 23 na waɗanda aka gani su kaɗai. Alƙaluman suna da daɗin ji, amma suna nuna cewa rabin yaran sun bukaci ƙarin taimako. Tsarin ba sha yanzu magani yanzu ba ne.

Abin sha'awa, Nijeriya ta riga ta taka wannan hanya ta wata fuskar. Thomas Adeoye Lambo, wanda shi ma ya yi karatu a Maudsley, ya fara tsarin ƙauyen Aro a Abeokuta a 1954, inda masu taɓin hankali ke zama a gidajen ƙauye tare da wani ɗan'uwansu yayin da ake yi musu magani. Har yau a asibitocin ƙasar nan galibi ba a kwantar da mutum ba tare da mai jinya daga gida ba. Ke nan shigar da iyali ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Abin da ya rage shi ne sanin yadda za a yi shi daidai.

4.0 Yadda Jinyar Ke Gudana

Tsarin ya ginu a kan cewa yunwa da kanta tana gurɓata tunani, don haka ba a jiran yarinya ta yarda kafin a ciyar da ita. Abinci shi ne maganin farko. Ana kuma koya wa iyali su raba yarinyar da ciwon: ba taurin kai take yi ba, ciwo ne ya rinjaye ta, kamar yadda ba a dukan mai zazzaɓi don jikinsa ya yi zafi.

A mataki na farko, wanda ya fi kowane wuya, iyaye ne ke karɓar ragamar cin abincinta gaba ɗaya. Su ke zaɓar abin da za ta ci da yawansa, sau uku a rana tare da ɗan abin taɓawa sau biyu ko uku a tsakani. Wani babba zai zauna da ita har ta cinye, ko da za a kai awa guda, sannan ya ci gaba da zama da ita na ɗan lokaci don kada ta zagaya ta amayar. Ba zagi, ba duka, ba gori, kuma ba ciniki. Uwa na iya cewa, "Na san da wuya, 'yar nan, amma sai kin ƙarasa wannan, ina nan tare da ke." A farkon jinya likita kan sa iyali su kawo abinci su ci a gabansa, don ya ga inda suke sassautawa ya gyara musu. Ba a bukatar abincin kanti. Fura da nono, kunun gyaɗa, ƙosai, awara, ƙwai da tuwo mai wadataccen mai sun isa. Ana auna nauyinta kowane mako. Idan jiki ya fara dawowa sai a shiga mataki na biyu, a riƙa mayar mata da ikon cin abincinta kaɗan-kaɗan. Mataki na uku kan duba sauran al'amuran tasowa, kamar karatu da ƙawaye. Duka yakan ɗauki wata shida zuwa shekara.

Akwai gargaɗi mai muhimmanci. Wanda ya daɗe cikin yunwa, idan aka ɗura masa abinci da yawa farat ɗaya, sinadaran jininsa kan rikice har zuciya ta tsaya. Don haka ba a fara wannan aiki sai likita ya duba. Yarinyar da ke suma, ko bugun zuciyarta ya yi ƙasa sosai, ko ta daina shan ruwa, asibiti za a kai ta a ranar. A yankin Zariya akwai sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, akwai kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa, Kaduna. Magungunan sa ƙiba da ake kira sha-ka-fashe ba magani ba ne a nan. Suna kumbura jiki, su ƙara wata cutar a kan wadda ake fama da ita.

5.0 Tsarin a Gidan Bahaushe

An tsara wannan jinya ne da tunanin uba da uwa da 'ya'ya a kan teburi ɗaya. Gidan Bahaushe ba haka yake ba. Maigida yakan ci nasa a zaure ko a turakarsa, yara mata kuwa su haɗu a kwano guda. A cikin kwanon tarayya yarinya na iya yin wata uku tana tsakurar loma biyu tana wasa da hannu, ƙannenta na cinye sauran, kwano ya koma wayam, uwa ta ɗauka kowa ya ƙoshi. Sutura mai yalwa kuma tana ɓoye rama. Matakin farko a irin wannan gida shi ne a ware mata kwanonta, a kuma bayyana wa 'yan'uwanta dalili, don kada su ɗauka fifiko ne.

Sai batun wa ake nufi da iyali. A gidan da ke da mata biyu ko uku, girki yana zagayawa. Idan aka yi magana da mahaifiya kaɗai, ranar girkin abokiyar zamanta tsarin ya rushe. Idan yarinyar 'yar fari ce, alkunya na iya hana uwa zama kusa da ita tana lallashi, sai ya zama kaka ko goggo ce ta fi dacewa. Idan 'yar riƙo ce, mariƙiyarta ake nema. Yawan mutanen gida a nan riba ne, domin ana iya karɓa-karɓa wajen zama da ita, abin da ke gajiyar da iyaye biyu a Turai. Sharaɗin kawai shi ne bakinsu ya zama ɗaya. Idan uwa ta tsaya kai da fata, kaka kuma ta ce a ƙyale ta don tausayi, ciwon ya samu kafar shiga. Yardar maigida kuwa ita ce mabuɗi, tunda shi ke ba da izinin zuwa asibiti da kuɗin cefane.

Iyali da yawa za su fara da tunanin sammu ko iska ko kambun baka. Gardama da su a kan wannan ba ta da amfani, kuma addu'a ba ta hana zuwa asibiti. Abin gudu shi ne a shafe watanni ana rubutu da hayaƙi yarinya na ƙara zubewa. Watan Ramadan ma yana bukatar shiri tun kafin ya kama. Shari'a ta sauƙaƙa wa maras lafiya ya sha azumi, amma yarinya mai wannan larura ba za ta karɓi sauƙin daga bakin uwarta ba. Idan likita ya ce kada ta yi, zai fi kyau malamin addinin da gidan ke girmamawa ya faɗa mata da bakinsa.

6.0 Matsayin Malami

Malami ba likita ba ne, kuma ba aikinsa ba ne ya raɗa wa ciwo suna. Aikinsa lura da isar da saƙo. A ɗauki misalin ɗaliba 'yar aji huɗu a sakandare, mai ƙoƙari da son komai nata ya fita daidai, wadda ta fara rabar da abincin tara ga ƙawayenta kullum, tana jin sanyi ko a watan Afrilu, jiri ya ɗebe ta sau biyu a taron safe. Kuskure ne a tsayar da ita gaban aji a yi maganar ramarta, haka kuma kuskure ne a yi mata alkawarin ɓoye wa iyayenta. Malami zai sanar da jami'in ba da shawara na makaranta ko shugaba, a gayyaci iyaye a keɓe, kuma ya fi kyau malama mace ta kasance a wurin. Abin da aka gani da ido za a faɗa, ba zato ba: "Hajiya, mun lura mako shida ke nan ba ta cin komai a makaranta, kuma ta faɗi sau biyu. Ba laifin kowa ba ne, amma muna ganin a kai ta likita cikin makon nan." Kalma ɗaya ta zargi, kamar a ce ba a kula da ita a gida, ta isa ta sa uwa ta rufe ƙofa, alhali ita ce za ta yi watanni tana zaman kwano.

Bayan an fara jinya, makaranta na iya ba wani daga gida damar zuwa lokacin tara ya zauna da ita, a dakatar da ita daga guje-guje har likita ya yarda, a kuma hana tsokana a kan siffar jiki, ta ƙiba ce ko ta rama. A makarantar kwana, inda babu mai iya sa ido a kan kowace loma, sau da yawa mayar da ita gida na zango ɗaya ya fi mata alheri, ko da za ta rasa jarrabawar zangon.

Aikin Yi

1. A kwatanta ra'ayin Gull da na likitocin Maudsley game da iyalin maras lafiya.
2. A zaɓi gida mai mata biyu da kaka, a tsara yadda za a raba zaman cin abinci na mako guda.
3. A rubuta gajeriyar tattaunawa tsakanin malama da mahaifin da ya ce aljanu ne ke damun 'yarsa.