Tambaya da Amsa: Shugabanni sun sa hannu, me ya kawo ƙuri'ar raba gardama?

TAMBAYA: A darasinmu na dokar ƙasa da ƙasa an ambaci cewa mutanen Ayilan sun taɓa tsayar da wata yarjejeniyar Tarayyar Turai da ƙuri'arsu. Idan shugabanni sun riga sun rattaba hannu, ina ruwan talaka kuma? Yaya ake shirya irin wannan ƙuri'a? (Wata ɗalibar shari'a, Zariya)

AMSA: Sa hannun shugaba alkawari ne cewa zai kai maganar gida. Yarjejeniya ba ta hawa kan ƙasa sai an tabbatar da ita yadda tsarin mulkin ƙasar ya tanada. A Najeriya, sashe na 12 na tsarin mulkin 1999 ya ce ba ta zama doka sai Majalisar Tarayya ta mai da ita doka. A Ayilan, wasu yarjejeniyoyin sai an je ga jama'a.

Asalin abin shari'a ce. A 1987 wani manomi kuma masanin tattalin arziki, Raymond Crotty, ya yi nasara a Kotun Ƙoli a kan gwamnati. Kotun ta ce mulki na jama'a ne, don haka gwamnati ba ta da hurumin miƙa wani yanki na ikon ƙasa ga wasu sai an gyara tsarin mulki. Shi kuwa tsarin mulkinsu na 1937 ba ya gyaruwa sai da ƙuri'ar raba gardama.

Shirin yana farawa ne da ƙudurin gyara. Majalisun dokoki biyu su amince da shi, sannan minista ya tsayar da ranar ƙuri'a, tsakanin kwana 30 da 90 daga ranar da ya ba da umarni. Takardar ƙuri'ar da harsuna biyu ake buga ta, Ayirish da Ingilishi, kuma tambaya ɗaya ce tak: ka yarda da wannan gyara ko ba ka yarda ba? Da hannu ake ƙirgawa washegari, a shelanta sakamako a tsohuwar fadar Dublin.

Wannan duk mai sauƙi ne. Inda gizo ke saƙar shi ne wajen wayar da kai, domin kotu ta ɗaure wa gwamnati hannu. A 1995, a ƙarar da Patricia McKenna ta shigar, an hana kashe kuɗin baitulmali wajen tallata ɓangare ɗaya, tunda mai cewa a'a shi ma yana biyan haraji. A 2000 aka ƙara da hukuncin cewa kafar yaɗa labarai ta ƙasa ba za ta fifita wani ɓangare ba wajen raba lokacin tallar kyauta. Aikin bayani sai ya koma hannun wata hukuma mai zaman kanta da alƙali ke jagoranta, wadda kan aika ɗan littafi zuwa kowane gida.

Yarjejeniyar Lisbon ta Tarayyar Turai ta nuna cewa ɗan littafi ba ya isa. Rubutu ne na lauyoyi, gyara a kan gyaran tsofaffin yarjejeniyoyi. Firaminista Brian Cowen da bakinsa ya ce bai karanta ta daga farko har ƙarshe ba. 'Yan adawa suka samu abin kamawa: in ba ka gane ba, ka ce a'a. Tsoro ya bazu cewa ƙasar za ta rasa kujerar kwamishinanta na Tarayyar Turai a Brussels, za a taɓa mata haraji, a jefa ta cikin ƙawancen soja. Ranar 12 ga Yuni 2008 kashi 53.4 cikin ɗari suka ƙi, alhali manyan jam'iyyu kusan duk suna goyon baya. Binciken da gwamnati ta sa aka yi daga baya ya gano cewa rashin fahimta ne babban dalilin masu ƙi. Da yake sai dukkan ƙasashe 27 na Tarayyar a lokacin sun amince, tafiyar ta tsaya cak.

Gwamnati ta koma teburi. Aka yarda kowace ƙasa ta riƙe kwamishinanta, aka ba Ayilan tabbaci a rubuce kan haraji, da zamanta 'yar ba-ruwanmu a harkar soja, da dokokinta na iyali. Da aka sake ƙuri'a ranar 2 ga Oktoba 2009, kashi 67.1 suka amince. Gaskiya ne matsin tattalin arziki na lokacin ya taimaka, don mai nema ba ya faɗa da maƙwabta.

Masu suka na cewa wannan maimaita tambaya ne har sai an ji amsar da ake so, kuma maganarsu ba ta faɗi ƙasa ba. Ma'aunina shi ne a duba ko wani abu ya sauya tsakanin ƙuri'u biyun. A Ayilan ya sauya, kuma a'ar farko ce ta sauya shi. Saboda haka, Malama, idan kika ji ana shirin irin wannan ƙuri'a, ki fara tambayar wa ke biyan kuɗin bayani, wa ya rubuta shi, kuma kwana nawa aka ba mutane su yi gardama kafin a buɗe rumfuna.