Yadda Ake Tarar Ruwan Sama Daga Rufin Kwano

Rufin kwano mai tsawon mita 10 da faɗin mita 5, idan aka yi ruwan da ya kai milimita 20, lita 1,000 ce ke sauka a kansa, domin kowace milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita guda ce. Duro biyar ke nan, ko jarka 40 mai cin lita 25, a dare ɗaya na watan Agusta. A yawancin gidajenmu ruwan nan rariya yake bi ya fita lungu, ya ci gindin katangar maƙwabci, da gari ya waye kuma a tura yaro bakin titi jiran ɗan garuwa.

Iyayenmu mata sun riga mu sanin darajarsa. Da hadari ya haɗo za ka ji ana kiran yara su fito da baho da bokiti da tukwane, a jera su ƙarƙashin bakin kwano. A gidajen soro kuwa randa ake turawa gindin indararo, irin wanda ake fafewa daga itacen giginya, ko da yake ruwan soro jajir yake zuwa, sai ya kwana ya kwanta. Aikin da ake yi yanzu bai wuce a haɗa duk waɗannan mazubai wuri ɗaya ba, yadda ba sai wani ya fita cikin tsawa da tsakar dare ba.

Da makwarari ake farawa. Maƙeran kwano na kasuwa suna lanƙwasa shi daidai awon da ka kai musu, wasu kuma bututun roba mai inci huɗu suke tsagawa biyu a tsaye. Na kwano ya fi jure rana, na roba ya fi sauƙin haɗawa. A ja zare daga wannan kusurwa zuwa waccan, a ba shi gangara kamar santimita ɗaya a kowace mita, a kafa maƙalan ƙarfe kusa da kusa, don iskar farkon damina ba ta da wasa. Kada a manna shi can ƙarƙashin kwano. Ruwa mai ƙarfi tsallake yake yi, saboda haka leɓen waje ya ɗan fito gaba. Kafin mai aiki ya sauko daga tsani, a miƙa masa buta ya zuba daga can ƙarshe. Duk inda ruwa ya tsaya ya yi tafki, nan sauro zai yi gida.

Sai mazauni. Tankin lita 1,000 idan ya cika nauyinsa tan guda ne, don haka tebur ko tsofaffin tayoyi ba su isa ba. Dakali ake ginawa na bulo, a cike cikinsa, a shafe samansa sumul, tsayinsa yadda bokiti zai shiga ƙarƙashin kan famfo. Baƙin tanki ya fi, tunda haske ba ya ratsa shi balle gansakuka ta fito. Wanda ƙarfinsa bai kai ba ya sayi duro biyu ko uku ya haɗa su da bututu ta ƙasa, su riƙa cika tare. Amma a tambayi abin da duron ya taɓa ɗauka. Wanda aka zuba wa maganin ƙwari ko baƙin mai, ko sau nawa aka wanke shi bai dace da ruwan gida ba. Kan famfon kuma a ɗaga shi kamar yatsa huɗu daga gindi, laka ta samu wurin kwanciya.

Inda gwani yake bambanta da mai kwaikwayo shi ne ruwan farko. Wata bakwai ko takwas rufin nan yana shan ƙurar hunturu, da kashin tattabaru da na ƙadangaru, da busasshen ganyen darbejiya. Tsofaffi sukan ce a bari kwano ya wanku tukuna, kuma ruwan farko da na biyu na shekara gaba ɗaya ake barinsu su wuce, a cire bututun daga bakin tanki. Amma ko a tsakiyar damina, kwana uku aka yi ba ruwa rufi ya sake datti. Wa zai tashi ƙarfe biyun dare ya jira kwano ya wanku sannan ya mayar da bututu?

Dabarar ita ce a yi wa ruwan tarko. A kan hanyarsa ta zuwa tanki ana sa mahaɗi mai baki uku, a saukar da wani bututu mai inci huɗu tsaye a jikin bango, a toshe ƙasansa da murfi mai murɗawa. Ruwan da ya fara zuwa nan yake faɗawa da dattinsa, sai bututun ya cika sannan na baya ya wuce tanki. A cikinsa ana jefa gorar roba wadda babu komai a ciki, a rufe bakinta gam. Ruwa na hawa tana hawa, har ta je ta toshe wuyan da aka ƙuntata a sama, dattin ya kasa komowa. Zaɓen gorar nan kaɗai sai an zauna. Idan ta yi ƙiba ta maƙale a tsakiya, idan ta yi siriri ta zarce wuyan ta je ta toshe hanyar tanki, ruwa ya riƙa ambaliya ta makwarari maigida yana zagin mai aiki. Wani tsohon mai gyaran famfo da na ga yana wannan aiki, gorori ya tara a buhu yana jefa su ɗaya bayan ɗaya yana sauraron saukarsu, da uwargida ta ce ya cika tsirfa sai ya ce, “Hajiya, ai duk kuɗin tankin nan a hannun gorar nan yake.”

Girman tarkon ma da lissafinsa. Mita ɗaya ta bututu mai inci huɗu kimanin lita 8 take ci, rufin murabba'in mita 50 kuwa yana son a zubar da aƙalla lita 25, a wuri mai ƙura ma fiye. Ashe guntun bututu mai mita ɗaya da wasu ke maƙalawa ado ne kawai. Ko a jera dogaye biyu a haɗa su ta ƙasa, ko a sa ƙaramin duro a gindinsa. Sannan a huda murfin ƙasa da ƙusa siririya, tarkon ya riƙa tsiyayewa da kansa kafin wani ruwan. Hujin nan laka tana toshe shi, kuma tarkon da ya kwana cike ba ya kama komai. Duk bayan ruwa biyu ko uku a murɗe murfin a zubar da taɓon. Yaro ma zai iya, in dai an ɗora masa.

Bakin tanki a ɗaure shi da ragar sauro, haka bakin bututun rara mai fitar da ruwa idan tanki ya cika, domin cikin kwana goma ƙwan sauro ya zama mai cizo. Murfi kuma ya zama mai nauyi ko mai kwaɗo, musamman a kan duro, saboda ƙananan yara masu leƙe. Rarar kada ta zuba gindin dakali. A ja ta da tiyo zuwa bayan ɗaki inda aka shuka zogale da yakuwa da kuɓewa, tsiyayar tarkon kuma a bar wa lemun tsami ko gwaiba. Bayan ɗaukewar ruwa, a binne tulun ƙasa zuwa wuya a tsakiyar shukar, a riƙa cika shi daga tanki a rufe bakinsa. Ta jikinsa yake tsattsafowa kai tsaye zuwa saiwa, ba a asarar rabi ga rana.

Wanki da wanka ruwan nan ba shi da na biyu, sabulu kaɗan kumfa ta tashi, ba kamar ruwan wasu rijiyoyi ba. Na sha kam a tafasa shi tukuna, ya huce, sannan a juye a randa ya yi sanyi. Kada kuma wani ya yi maka alkawarin tanki ɗaya zai fitar da kai rani: gidan da ke shan jarka huɗu a yini, kwana goma zai ga gindin lita 1,000. Mai son ya kai Janairu sai ya kira birkila a haƙa masa tanki a ƙasa a shafe da siminti, wannan kuwa aikin rani ne, tun ƙasa tana bushe.