Yadda ake zaɓen bawul mai ƙwallo ga injin wankin mota da babur

Duk wanda ya kafa wurin wankin babura da motoci a Dawce, ko a bakin hanyar Matameye zuwa Ɗan Barto, ya san ruwa da kuɗi ake samunsa, man inji ma haka. Kashe inji da sake jan igiya duk lokacin da za a sauya bindigar fesa ruwa ko a matsa zuwa wata mota yana cin lokaci, yana kuma cin kafaɗa. Maganin wannan wahala ɗan ƙaramin ƙarfe ne, bawul mai ƙwallo. A cikinsa akwai ƙwallon ƙarfe mai huda, zaune tsakanin zobba biyu na roba mai tauri. Idan hannunsa ya miƙe ya bi tiyo, ruwa na wucewa. Idan ya gitta, ya rufe. Sai dai mutane da yawa suna sayen wanda bai dace ba, domin a ido duk kamarsu ɗaya.

Da farko ka raba injinka gida biyu. Akwai ɓangaren da ruwa ke shigowa daga duro ko tanki, inda ba wani matsi. Akwai kuma ɓangaren da ruwa ke fita daga famfon inji zuwa bindiga, inda injin fetur na wanki kan kai matsin bar 150 zuwa 200. Kowane ɓangare da bawul ɗinsa, kuma ba a musanya su.

Na biyu, ka karanta abin da aka buga a jikin ƙarfen, kada ka tsaya ga maganar mai shago. Bawul na tagulla da masu aikin famfo ke sa wa bututun gida yawanci yana ɗauke da PN25, PN40 ko 600 WOG. PN25 na nufin bar 25, PN40 bar 40, shi kuwa 600 WOG kusan bar 41 ne. Ka auna wannan da bar 200 na injinka. Irin wannan bawul wurinsa gindin duro ne kawai, haka ma na roba. Idan ka ɗaura shi a bakin tiyon matsi, zai iya yin kwanaki yana aiki har ka ce ka ci riba, sannan wata rana ya tsage ko hannunsa ya fice, a daidai lokacin da yaronka ke riƙe da shi kusa da cikinsa. Araha ba ta ado, a nan kuwa har jini tana iya zubarwa. Abin da za ka nema wa ɓangaren matsi shi ne na baƙin ƙarfe ko na ƙarfen da ba ya tsatsa, mai nauyi a hannu, sau da yawa jikinsa mai kusurwa huɗu, an buga masa bar 350 ko 500, wato psi 5000 ko 7250. In lissafin psi ya rikita ka, bar ɗaya psi 14.5 ne. Wanda ba a buga masa komai ba, ka bar wa mai shago abinsa.

Na uku, girma da haƙoran murɗi. A nan ne mutanen kan iyaka ke shan wuya, domin kaya suna zuwa daga gefe biyu. Mai shago a Kasuwar Dole ta Damagaram zai yi maka lissafi irin na Faransa: 12/17, 15/21, 20/27. Na Ƙofar Ruwa a Kano kuwa da inci zai faɗa: 3/8, 1/2, 3/4. Jerin ɗaya ne, suna ne ya bambanta. Tiyon matsi galibi 3/8 ne ko 1/4, na shigar ruwa kuma 1/2 ko 3/4. Amma girma ya yi daidai ba ya nufin haƙora sun yi daidai: akwai tsarin Ingila, BSP, akwai na Amurka, NPT, ga kuma mahaɗin M22 da ke kan injuna da yawa. Hanya mafi sauƙi ita ce ka kwance kan tiyonka ka tafi da shi kasuwa, ka gwada da hannu. In ya cije tun murɗi na biyu, ba nasa ba ne, kada ka tilasta shi da sifana.

Ga bawul na gindin duro, ka leƙa cikinsa ka tabbata hudar ƙwallon ta kai faɗin bututun. Mai ƙaramar huda yana shaƙe famfo. Ka sa matata tsakaninsa da inji, domin ruwan rijiya da na ’yan ga-ruwa ba ya rabuwa da yashi, balle da hunturu, kuma yashi ne ke karce ƙwallo da zobba har bawul ya fara ɗiga.

Wajen ɗaurawa, ka kashe inji, ka danne kunamar bindiga har ruwa ya daina fita. Ka naɗa farin tef na masu famfo sau 3 ko 4 a kan haƙoran namijin, kana bin hanyar da za ka murɗa, ka bar haƙori na farko a buɗe don kada guntun tef ya shiga ya toshe tsinin bindiga. Mahaɗin da ke da zoben roba a ciki ba ya son tef. Ka riƙe bawul da sifana ɗaya, ka ɗaure da ɗayar. Wurin bawul na matsi shi ne ƙarshen tiyo, kafin bindiga.

Sai aiki da shi. Kullum ka buɗe na duro kafin ka ja igiya, ka bar ruwa ya kori iskar da ke cikin tiyo, kuma kada ka rufe shi inji yana tafiya, domin famfon da ya ja iska maimakon ruwa yana ƙona robobinsa. Idan za ka sauya bindiga, ka rufe na matsi, ka danne kunama don ragowar matsin ya fita, sannan ka cire. Bayan ka ɗaura wata bindigar, ka buɗe bawul ɗin a hankali, kana riƙe da tiyo gam, bakinsa yana kallon ƙasa.

Kada ka daɗe da bawul na matsi a rufe. Muddin inji na kunne, ruwan da ya rasa mafita yana kewayawa ne a cikin famfo yana ɗaukar zafi, kuma minti 2 ko 3 sun isa su yi wa famfo illa. In kiran salla ne ko ciniki, kashe injin. Wasu kan buɗe bawul ɗin rabi don rage ƙarfin ruwa wajen ɗauraye darduma ko wayoyin babur. Yana aiki, amma yana cinye zobba da sauri. Ni a ganina gara ka sauya tsinin bindiga zuwa mai baza ruwa. Ruwan jabel ma yana cin ƙarfe, in ya bi ta ciki ka ɗauraye da ruwa tsabtatacce kafin ka tashi.

Idan bawul na matsi ya fara tsartuwa, kada ka lalubi wurin da yatsa. Ruwa mai bar 150 yana huda fata ya shige cikin nama, raunin kuma ƙarami ne a ido amma babba a ciki. Wanda haka ta same shi a kai shi asibiti nan take, a kuma gaya wa likita injin wanki ne ya ji masa.