Matakan Binciken Kimiyya: A Fara Daga Gindin Randa

Tambaya: Malam, daga Rijiyar Lemo nake rubuto maka. Yarona yana aji biyu na ƙaramar sakandare. Ya haddace matakan binciken kimiyya tsaf, amma da an juya masa tambaya sai ya yi turus. Ta ina zan taimaka masa?

Amsa: Hajiya, ƙwaƙwalwar yaron nan lafiyarta lau. Matakan nan hanyar aiki ce, kamar ɗinki ko ƙira, kuma babu wanda ya taɓa zama maƙeri da hadda. Kayan aikin ma suna tsakar gidanki.

Ranar da ake zafi, irin na watan Afrilu da kan kai digiri 40 a Kano, ki sa shi ya sha ruwan randa, sannan ya sha na jarka. Zai ji na randa ya fi sanyi. Ya yi lura ke nan, kuma tambaya za ta biyo baya da kanta: me ya jawo haka? Ko kin san amsar, ki haɗiye ta. Ki bar shi ya yi hasashe. Wataƙila ya ce don randa tana inuwa ne, wataƙila ya ce don jikinta yana tsattsafo. Duk wanda ya zaɓa, ya rubuta shi tun kafin ya taɓa komai.

Sai gwaji, inda yawancin yara ke tuntuɓe. Ki saya masa ƙananan tuluna biyu iri ɗaya. Ya naɗe ɗaya da leda ruf, ya bar ɗaya haka nan. Ruwa ɗaya, awo ɗaya, murfi iri ɗaya, a ajiye su gefe da gefe. Abu guda tak ake sauyawa. Idan ya kai ɗaya ɗaki ya bar ɗaya a rana, to ya ɓata aikin, don ba zai san ko leda ce ta kawo bambancin ko wurin ajiya ba. Ya riƙa auna zafin ruwan da safe, da azahar, da magariba, har kwana biyar. Af, ma'aunin zafin jiki na kemis ba zai yi ba, don na gilashin daga wajen digiri 35 yake farawa. Ya roƙi malamin kimiyyarsu aron na ɗakin gwaji. Kuma ya rubuta abin da ya gani, har da ranar da lissafin ya ƙi ba shi haɗin kai.

Zai tarar tulun da babu leda ya fi sanyi, domin ruwan da ke tsattsafowa ta ƙananan kafofin yumɓu yana bin iska, yana tafiya da zafi. In hasashensa ya faɗi, kada ki yi masa faɗa. Ya gano abin da bai sani ba. Ya maimaita da damina, zai ga tazarar ta ragu saboda laimar iska.

Da wannan sani ne Malam Mohammed Bah Abba, wani malami a Jigawa, ya yaɗa dabarar adana kayan lambu ta tukunya cikin tukunya a shekarun 1990: ƙarama cikin babba, jiƙaƙƙen yashi a tsakani, a rufe da ɗanyen ƙyalle. Yalon da kan lalace cikin kwana 3 ya kai kwana 27, aikin kuma ya samo masa lambar yabo ta Rolex a 2000.

Littattafai sun saɓa wajen ƙidayar matakan, wani biyar, wani bakwai. A jarrabawa ya bi ƙidayar malaminsa. Ke dai Hajiya, ki nemo tulunan da littafin rubutu, ranar Asabar ya fara.